Daga Ƙofar Atiku zuwa Sapele don Ba da Haƙuri

Ni ne na yi kuskure, gara in faɗa tun farko. Ƙanena yana sayar da albasa a Sapele, can ya auri 'yar ƙasar, Musulma, wadda ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Da suka zo ta'aziyyar Babanmu, ta durƙusa tana yi wa Inna gaisuwa da buroka, wato Turancin kasuwa. A gaban mata da maƙwabta na ce gidanmu ba tasha ba ne, a daina mana harshen 'yan kamasho. Wata ta fassara mata. Suka koma, ba su sake zuwa ba. Bana da ƙafa ta kwantar da Inna, ta kira ni ta ce, "Kai ka kore su, kai za ka tai ka ɗauko min jikokina. In na mutu ban gan su ba, kai da Allah."

Mun tashi da asuba daga Ƙofar Atiku a Sakkwato, ni da wani maƙwabcina direban babbar mota, ya yi lodin albasa. Har Jega hanya ba laifi. Daga Yawuri zuwa Kwantagora kuwa ramuka ne, hular kaina sai da ta koma aljihu. Duk inda muka tsaya Hausa muke yi, ina jin daɗi, ina maimaita wa direba abin da na saba faɗa a majalisa: in ƙasar nan za ta zaɓi harshe ɗaya, Hausa ce. Shi dai murmushi yake yi.

Bayan Lakwaja Hausata ta fara ƙarewa. Kusa da Auchi taya ta fashe. Mai facin Inyamuri ne, ɗan sandan da ya tsaya mana ɗan Binuwai, mai abinci 'yar Edo, kuma duk da buroka suke ciniki, su yi faɗa, su shirya. Na gwada ɗan Turancina na firamare wajen mai abincin, ta dube ni kamar ina karanta mata labaran rediyo. Direba ne ya saya min teba. Albasa kuwa, wadda a gida muke zubar wa awaki, na ga an jera ta a faranti kamar gwal.

A Sapele ƙanena ya karɓe ni da fuska ba yabo ba fallasa. Yaransa suka gaishe ni da buroka, don da shi uwarsu ta rene su, da shi take koya musu alwala. A nan na gane harshen da na zaga shi ne harshen gidan ƙanena. Na ce masa ya gaya wa matarsa ta yi haƙuri. Ta amsa, ya fassara: "Yaya, ta ce a Sakkwato ka faɗa, gaban mutane. Za ta bi ka saboda Inna, sauran magana sai can."

A motar dawowa na yi ta tunani. Ko ya dace gwamnati ta mai da buroka harshen ƙasa, wannan ya fi ƙarfin karatuna. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, kuma irinta suna da yawa a ƙauyukanmu. Abin da na gani da idona shi ne, inda Hausata ta tsaya, buroka ne ya wuce da mu. Tun daga Okene nake sa ƙanena yana maimaita min yadda ake amsa laifi da ba da haƙuri da buroka, yara suna ƙunshe dariya.

Mun iso gida da la'asar. Inna ta rungume jikokinta tana kuka, maƙwabta suka cika tsakar gida. Na bari sai da hayaniya ta lafa, sannan na cire hulata, na tsuguna nesa kaɗan da matar ƙanena. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce da buroka, "Mai sista, na mi du rong. Abeg, no ves."