Ruwan Wankana da Tayar Baya

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu ce maigidana ya sayi mota. Tsohuwa ce, shuɗiya, ya saye ta a hannun wani abokin aikinsa. Ranar da ya shigo da ita lungunmu a Ƙofar Gayan, har na manta ina jego, na leƙo zaure babu mayafi, sai da gwaggonsa, wadda ta zo yi mini wanka, ta jawo ni baya.

Nan take ya yi mini alkawari. Ya ce yawon arba'in a cikinta zai kai ni, gida-gida, mu fara da gidanmu a Ƙofar Kuyambana. Duk danginmu ba wadda ta taɓa yin yawon arba'in a motar mijinta. Na riƙa ƙirga kwanaki da yatsu. Atamfar da zan sa kuwa na ciro ta na mayar ya fi sau goma.

Sai ga ƙara. Da safe in zai fita, yana taka birki a kwanar lungu sai ka ji ƙiiii, har cikin haƙori. Ranar da ya kai mu allurar riga-kafi na ji ta sosai, domin a baya nake zaune da jaririya. Na ƙanƙame yarinyar ina ta salati har muka isa.

Da muka dawo na ce, "Malam, ni fa ba zan sake sa 'yar nan a motar nan ba sai an gyara."

Ya ce, "To sai ki yi yawon naki a ƙasa." Wasa yake yi, amma ni har na yi hawaye.

Sau biyu yana kai ta wurin bakanike bayan an tashi daga ofis. Su zaga gari, su taka birki, shiru. Aka kwance tayoyin gaba aka duba, ba a ga komai ba. Bakaniken ya ce lafiyarta ƙalau. Saura kwana shida arba'in.

Ni kuwa ban yi nisa a boko ba, amma kunnena ba ya ƙarya. Ɗakina jikin lungu yake. Na lura da safe kawai take kuka, in ya dawo da yamma tsit. Kuma daga baya ne, ta hagu, daidai inda na zauna ran nan. Na faɗa wa Malam, ya yi dariya ya ce, "Yaushe kika zama injiniya?" Amma ran Asabar ya ɗauko bakaniken da sassafe, kafin a tayar da motar.

Na tsaya bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Mutumin ya sa jak ya ɗaga ta, ya cire tayar baya ta hagu, ya yi ta bugun wani ƙarfe mai kama da kwano har ya fito. Cikinsa ja wur da tsatsa, ga laka ta bushe. Ya riƙe haɓa.

"Malam, kogi kake shiga da ita?"

"Wane kogi? Daga gida sai ofis."

Daidai nan Gwaggo, da ba ta san abin da ake ciki ba, ta tuntsurar da sauran ruwan wankana a tsakar gida. Ruwan jego ba kaɗan ba ne, babbar tukunya ce safe da yamma. Ya biyo rariya ya ɓullo ta jikin katanga, shaaa, da tururinsa da ganyen darbejiya, ya wanke wa bakaniken gwiwoyi. Ya yi tsalle yana cewa, "Wayyo, an dafa ni!"

Ashe saboda ƙuncin lungu, Malam kullum yana manna motar da katanga, tayar baya a bakin rariya. Tun ranar da ta shigo lungun muna yi mata wankan jego tare da ni.

Dariya ta ƙwace mini a bayan ƙyaure. Bakaniken ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, kin fi mu kunne. Amma ki daina yi wa mota wanka, ita ba ta haihu ba."

Ya goge kwanon da samfefa har ya yi fari, ya goge abin da ke kama shi daga ciki, ya hure ƙurar, ya mayar. Ya duba na dama ma. Sai ya sa Malam ya matsa da motar gaba taku huɗu, ya ajiye dutse a wurin don alama. Gwaggo ta fito tana faɗa, wai ita ba a gaya mata an ajiye wa rariya baƙuwa ba.

Kwana biyar ina kasa kunne kowace safiya. Shiru.

Ran arba'in na sha lalle, na ɗaura atamfata, babbar 'yar tana gefena, ƙaramar a cinya. Muka doshi kwanar lungu na baza kunne. Malam ya taka birki, motar ta tsaya lum, ba ko tari. Ya waiwayo ya ce, "Injiniya, mu je?"

Na ce, "Mu je, amma a hankali."

A ƙofar gidanmu na roƙe shi ya danna ham sau uku. Ƙannena mata suka fito da gudu, innata a bayansu tana gyara ɗankwali, na miƙa mata jikarta ta taga tun kafin a buɗe mini ƙofa.