Danshi a Rijiyar da Ban Taɓa Gani Ba

Cirar yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. 'Yata ta fari ce ta matsa, ita da mijinta, suka ce tun da tana karatun digiri na uku a can da kuɗin gwamnati, akwai ɗakin da zan kwana, likitocin kuma sun iya. Ni sana'ata haƙar rijiya ce. Wajen mahaifina na gada, na yi ta yi har gwiwoyina suka ƙi sauka rami. Boko kuwa firamare na fara ban gama ba, sai ɗan abin da na ƙara a ajin yaƙi da jahilci. Na faɗi wannan tun farko don a san irin mutumin da aka je aka tambaya.

Gidansu a unguwar Taman Melati yake, can sama a wani dogon bene, kusa da tashar jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada. Ruwa a bango yake fitowa, sama kuma kusan kullum da la'asar sai ta zubar. Nakan tsaya a taga da idona ɗaya a naɗe ina kallo, in ce a raina wannan ƙasa ba ta da abin da za ta yi da irina.

Jikokina biyu ne a gidan, mace babba da ƙaninta da bai daɗe da iya magana ba. Atuk suke ce mini, wai kaka ke nan da yaren ƙasar. In na ce, "Amarya, zo ki kawo wa angonki ruwa," sai ta murguɗa baki ta ce, "Tak nak, Atuk," wato ba ta so. Namijin kuwa hulata yake cirewa ya gudu da ita.

Surukina ya riga ya gama nasa karatun. Yadi da mayafai yake sarowa a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana aika wa 'yan kasuwa a Kano. Daga wannan suke ajiye wani abu a gefe, domin kowa a can ya san kuɗin gwamnati kan ƙare kafin karatu ya ƙare. Shekarar ƙarshe ɗalibi da Allahnsa ne: kuɗin makaranta, haya, takardun zama na mutum huɗu. Wannan ajiyar ita ce za ta riƙe 'yata ta gama da 'ya'yanta a gabanta.

Tsakanina da shi akwai kunya irin wadda aka sani. Ba ya cin abinci inda nake, ba ya kallon idona, in zai yi mini magana sai ya durƙusa ko da a kan tayil ɗin falo ne. 'Yata kuwa 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira. A gida ɗaya muke, amma maganarmu ba ta wuce gaisuwa da "an sa maganin ido?"

Wata Juma'a bayan masallaci ya kai ni unguwar Sentul wajen wani abokinsa, muka zauna a mamak, wato irin shagunan shayi da abinci na Indiyawa Musulmi. Abokin nan mutum ne mai baki, rabin maganarsa Turanci. Yana jin sana'ata sai ya buga tebur.

"Kai, ashe da injiniya a gidanka kake ɓoye mana! Baba, ku ne ai masu abin. Mu a waya kawai muke ganin rami."

A nan na fara jin labarin. Wai akwai ƙananan kamfanoni masu neman mai a kan tudu, ba cikin teku ba kamar manya. Ba su da rijiya ko ɗaya mai ba da mai tukuna, sai fili da takardar izini da injin haya, don haka hannun jarinsu arha ne. Kana saye a wayarka. In suka haƙa suka dace, abin da ka sa ya ninka. Shi da surukina sun sayi na wani da ke haƙa a wani tsibiri na Indonesiya.

Na ce, "In ba su dace ba fa?"

"Sai su matsa gaba su sake, Baba. Ku ba haka kuke yi ba?"

Haka muke yi. Na sha shayina mai kumfa, na ji daɗi a raina. Tun da na sauka daga jirgi ba wanda ya tambaye ni komai sai lafiyar ido.

Bayan wasu makonni, da hantsi, surukina ya shigo falo ya durƙusa da waya a hannu. 'Yata tana kicin tana suya. Ya ce kamfanin ya gama rijiyar farko, sun fitar da bayani. Ya karanta da Turanci, ya juya mini da Hausa: sun ga alamar mai a jikin duwatsun da injin ya fito da su, har da warinsa, amma bai gudano ba. Farashi ya faɗi. Wasu suna sayarwa su tsira da abin da ya rage.

"Shi ne muka ce bari a ji ta bakin Baba."

Na ji ƙarar suya ta tsaya a kicin.

Ban tambaye shi da wane kuɗi ya saya ba. Na sani, ko dai in ce ya kamata in sani. Abin da ya zo mini a rai shi ne tafin hannuna. A aikinmu, in ka yi nisa a rami, kakan damƙi yashi ka matse. In ya watse, da saura. In ya dunƙule ya bar maka sanyi a hannu, danshi ke nan, ruwa yana kusa. Kuma babu abin da ya fi ƙona wa mai haƙa rai irin mai gida ya karaya a daidai wannan lokaci. Na ga mutumin da ya ce a tsaya, a cike, kuɗinsa ya ƙare. Wanda ya sayi gidan daga baya ya kira mu muka buɗe ramin, ba mu ƙara gaba guda ba, wato tsawon hannu biyu a miƙe, idon ruwa ya ɓalle. Mahaifina har ya rasu yana ba da labarin nan.

Na ba shi labarin, na ƙare da cewa, "Malam, wanda ya ga danshi ba ya hawowa."

Ya ce, "To, Baba. Allah Ya ƙara girma." Ya tashi ya fita. Suya ta ci gaba.

An yi mini aikin ido na biyu, na ƙara zama. Cikin wannan zama kamfanin ya ce zai haƙa wata rijiyar a kusa, amma kuɗinsa ya ƙare, zai buga sababbin hannayen jari, masu tsofaffi su ƙara kuɗi in ba sa so rabonsu ya ƙanƙance. Har yau ban gane yadda rabon mutum zai ƙanƙance alhali bai sayar da komai ba. Surukina ya yi mini bayani da gurasa, ya ce a ɗauka gurasa ɗaya ce ana ta ƙara masu ci. Na ce to gurasar tana ina? Ya ce tana ƙarƙashin ƙasa. Na ce wa ya gan ta? Ya yi murmushi yana kallon tayil.

Amma ƙarin kuɗi na gane shi, ko na zaci na gane. Mu ma in an yi ciniki a kan zurfi kaza aka kai ba ruwa, mai gida yakan ƙara a sauka ƙasa. Na ce ya ƙara. Ya ƙara.

Tun daga nan na zama mai bin labarin rijiyar da ban san ko a ina take ba. In ya dawo daga kasuwa nakan tambaye shi sun kai ina, wace irin ƙasa suke ciki, sun wuce marmara ko sun tarar da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Ya duba waya ya faɗa mini zurfin da ban iya kwatanta shi da gaba ba. A wayar akwai wani zane mai hawa da sauka, wani lokaci kore wani lokaci ja. Na tambaya ko zurfin ramin ne yake nunawa, ya ce a'a, ra'ayin mutane ne a kan ramin. Na daɗe ina juya wannan magana. Rami yana can a daji ana haƙa shi, mutanen da ba su taɓa leƙa shi ba suna nan suna saye da sayar da zatonsu, kuma zaton ne ke cin kuɗi, ba ramin ba.

Ranar da labari ya zo, muna tare da abokin nan na Sentul a mamak ɗin ƙasan gida. Ya duba wayarsa ya dafe kai.

Na ce, "Lafiya?"

"Sun gama, Baba. Ruwa suka samu."

Wallahi kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce Alhamdulillahi. Shekara da shekaru wannan ita ce kalmar da nake jira a ƙasan rami. Abokin ya dube ni, ya dubi surukina, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ruwan gishiri, Baba. Ko akuya ba za ta sha ba."

Surukina ya tura mini kofin shayina kusa, don ya ga ina lalubensa.

Daga baya ne na ji cewa a aikin mai alama ba ta nufin komai. Ana iya ganin ta a rijiya bayan rijiya, man ya riga ya bi ta wurin ya wuce tun zamanin da ba mutane. Ni a saninmu danshi ba ya ƙarya. Ashe nasu yana yi. Ba a daɗe ba aka dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Sunansa yana nan a waya, ba ya kore ba ya ja.

Kuɗin gwamnati ya ƙare a lokacin da aka san zai ƙare. Suka zauna suka yi shawararsu, ba a sa ni ba wannan karon. Za su bar gidan su kama ɗaki ɗaya, ita ta riƙa dafa abincin gida tana ƙullawa, tapau suke ce masa, tana sayar wa ɗalibai 'yan Najeriya. Yara kuma za su bi ni gida wajen kakarsu har ta gama.

Ranar da take haɗa musu kaya na shiga ɗakin na zauna a bakin gado. Ban taɓa yin haka ba. Na ce, "Ni na ce a ƙara."

Ta ci gaba da naɗe rigar yaron. Can ta ce, "Ni na ce ya tambaye ka, Baba."

Ta ajiye rigar, ta ci gaba da magana.

"Tun rijiyar farko nake so a cire kuɗin. Shi ma zuciyarsa ta fara sanyi, kunyar abokinsa yake ji. Na ce a kawo wa Baba, mutumin da ko banki bai yarda da shi ba. Na tabbata za ka ce caca ce, shi ke nan magana ta ƙare, kowa ya huta."

"Da na faɗa me ya hana ki fitowa daga kicin?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da na tuna ta yi haka tun tana yarinya.

"In fito in ce me, a gabansa? Shi kuma ya ce maka a'a?"

 Su biyun sun kawo mini maganar ne don in hana, ni kuma na ɗauka gwaninta aka zo nema. Wani lokaci in na zauna sai in ga laifin duk nawa ne, tsoho ya ji an kira shi injiniya kansa ya kumbura. Wani lokaci in ce ai gaskiyar abin da na sani na faɗa, kuma da za a sake sa yashi mai sanyi a tafina, abin da zan faɗa ke nan. Abin da ba ni da shakka a kansa ɗaya ne: ban taɓa yanke hukunci a kan rami ba sai na sauka cikinsa, sai wannan.

Kafin mu tashi na tambayi surukina ko sun cike ramukan. A wajenmu rijiyar da ba ta yi ba ana mayar mata da ƙasarta, kada dabba ko yaro ya faɗa. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Ba su rubuta ba." Daga wannan rana har yau bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ko da wasa. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yaran sun yi fiye da shekara a gidana. Amaryata ta koyi jan guga a rijiyar tsakar gida, ta daina tak nak ta koma "ba na so, tsoho." Uwarsu takan kira ta waya su ga juna, in layi ya yi kyau.

Ta gama. Wannan zuwan nawa na biyu, da nake rubuta wannan a cikinsa, na rako su ne bikin karɓar takardarta. A filin jirgi tana hango mu ta taho da gudu, mayafinta yana zamewa. Babbar ta saki hannuna ta faɗa jikinta. Ƙaramin ya tsaya. Ya riƙe gefen rigata ya dube ta, sannan ya sake ni ya matsa gaba kaɗan, ya durƙusa a kan tayil yadda kakarsa ta koya masa in an yi baƙi, ya ce, "Ina wuni."

Ta ce, "Lafiya lau." Ta durƙusa ita ma, ta tsaya a haka tana jira ya ƙaraso da kansa.