Kawu Ɗanjuma, Idon Inna Kulu

Ina wurin mai shayi a Anka, ina ta da jijiyar wuya kan wata gardamar banza, aka kira ni daga Gwashi: Kawu Ɗanjuma ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau mashin, na tarar ana shirin sallah.

Tun ina yaro matarsa, Inna Kulu, ta makance. Shi ya zame mata ido. In ya dawo daga kasuwar Gummi, ba ya cin tuwo sai ya zauna bakin ƙofarta ya kawo mata kasuwar. Buhun gero ya faɗo tim. Jakin wane ya shiga taɓo cakwal-cakwal. Tulun mai rowa ya fashe fus. Tana dariya tana cewa ta gani. Yakan ce, “Labarin da ba shi da ƙara, kurma ne.” In na ɗauko littattafan da na koya wa kaina karantawa, ina karanta masa labari, sai ya ce, “To malam, da mutumin ya faɗi, yaya ƙasa ta ce?” Ni kuwa a ganina wannan wasan yara ne.

Mata ba sa zuwa maƙabarta. Da muka dawo, Inna ta sa aka kira ni ɗakinta.

“Sani, mi kag gani?”

Na ce an yi jana'iza cikin natsuwa, jama'a sun halarta.

“Ban gani ba,” in ji ta.

Wallahi gara mari. Ni da ake tsoron bakina daga nan har Bukkuyum, ni mai baƙar magana, na kasa kai tsohuwa kabarin mijinta. Na sunkuya.

Da kyar na fara. Na ce takalma sun bi makara fat-fat-fat, ba mai magana. An jera itace, ƙwal, ƙwal. An liƙe da laka, caɓ. Ƙasa ta zuba shaa. Daga nan tsit.

Ta share ido da bakin zane. “Sun rufe shi da kyau,” in ji ta. “Gobe kasuwa, ka biyo.”

Ya Allah, ka jiƙan Kawu, ka haskaka kabarinsa yadda ya haskaka ɗakin nan. Ka ba Inna Kulu da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma ka gyara mini harshe kafin gobe. Amin.