Uku a raba huɗu

Ni da hannuna na hana Gwaggo masara, kuma har yau abin bai bar ni ba.

Shekarar da mutanen ƙauyuka suka gudo Ƙanƙara saboda 'yan bindiga, ƙungiyar unguwarmu ta tara masara don a raba musu. Dattawa suka yanke cewa kowane mutum huɗu buhu guda. Ni kuwa lokacin na dawo daga makaranta da 'yar kwamfutata, kaina na hayaƙi. Na ce a bar wahalar takarda da biro, zan rubuta manhajar da za ta yi rabon. A ba ta yawan mutanen gida, ta raba da huɗu, ta faɗi buhunan. Na gwada da takwas, na gwada da goma sha biyu, duk daidai. Na rufe ina jin kaina.

Abin da ban lura da shi ba, a yaren kwamfutar da na rubuta ta da shi, in ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ragowar zubar da ita yake yi. Gida mai mutum bakwai buhu ɗaya. Gida mai mutum uku sifili, maimakon kashi uku cikin huɗu na buhu. Da 4.0 na rubuta a wurin 4, da bai zubar da ragowar ba, shi ke nan.

To su wa ke da mutum uku a gida? Waɗanda mutuwa ta rage. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta taho daga Yargoje da jikoki biyu bayan an kashe ɗanta a gona. Ranar rabo ta zauna a rana tun hantsi, aka gama kiran sunaye ba nata, don masu sifili ba su fito a takardar ba. Ina can cikin sito ina ba da umarni. Ba ta aiko mini ba, kunya irin tasu.

Sai bayan kwana huɗu na gane, masara ta ƙare, ita kuma ta koma ƙauyen da ta rantse ba za ta ƙara kwana ba. Na bi ta da abin da na samu, na durƙusa na faɗa mata komai, ina kuka wiwi, ina zagin kwamfutar.

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin ɗanta.

"Bar zagin na'urar, ɗan nan," ta ce. "Ni ma in na duba gidan nan, ba na ganin kowa."