Yadda Malam Sada Ya Kai Sirrin Kambarawa Ƙasar Rasha

Shekara talatin da biyar Malam Sada ya yi yana koyar da Turanci a sakandaren gwamnati. In ka tambaye shi, duk mai jin Turanci a Katsina daga bakinsa ya tsinta. In ka tambayi ɗalibansa kuwa, dorinarsa suka fi tunawa. Da ya yi ritaya sai ya tattaro ya zauna gidansa na Kambarawa, da tsohon babur da akwatin littattafan da gara ta riga kowa saukewa.

Abu guda ya rage masa na ji da kai, wato kujerarsa a majalisar Alhaji Babaji mai shagon shadda a Babbar Kasuwa, amininsa tun suna riƙe da allo. Kullum bayan La'asar ana zama a ƙofar gidan Alhaji, kujerar hannun dama kuma ta Malam ce, ko baya nan ba mai hawa. A unguwa an shaide shi da riƙon sirri. Gaskiyar magana ba zurfin ciki ba ne, in Malam ya buɗe baki labarin kansa ba ya barin wuri ga na kowa. Amma dai shaida ta tafi, har ya zama duk wanda abu ya ci wa rai shi yake ja gefe.

'Yarsa Nafisa ce ta gaji da ganinsa yana gyara wa masu karanta labaran rediyo Turanci, ta yi masa rajista a wani shafin koyar da harshe ta waya. Sati uku shiru, sannan Allah Ya kawo ɗalibi: Oleg, injiniya daga ƙasar Rasha, ƙato mai sanƙo da fuskar da ba ta san murmushi ba. Jarrabawar Turanci ce a gabansa, abu biyu kuma suka hana shi sakat. Na ɗaya, yadda ake faɗin an yi abu ba tare da an kama sunan wanda ya yi ba. Na biyu, yadda ake ɗauko maganar wani a kai wa wani.

Malam ya yi dariya har da buga cinya. Wannan ai sana'ar mutanen gari ce, ana yinta kyauta a kowane dakali.

Suka fara da jimlolin littafi. An gina gida. An karanta wasiƙa. Wane ya ce yana jin yunwa. Kwana huɗu Oleg yana hamma kamar zai haɗiye wayar, Malam ya ga ɗalibinsa tilo na shirin sulalewa. Sai ya ajiye littafi ya ɗauko unguwa. An sace akuyar mai unguwa, an kuma ga fatarta a bayan gidan ƙaninsa. Matar tela ta ce ba ta ƙara dafa wa dangin mijinta ko ruwan zafi. Nan take Oleg ya gyara zama ya ɗauko biro. Mutumin da ba ya iya haɗa jimla sai ga shi yana tambaya, to da aka ga fatar, me aka ce?

Malam bai ga laifi ba ko kaɗan. Ina Rasha, ina Kambarawa? Kuma a lissafinsa, sirrin da aka faɗa da Turanci ba a faɗe shi ba, darasi aka yi. Bai tsaya nan ba, ya shiga koya wa Oleg tarbiyya, don yadda yake faɗowa darasi ba ko sallama yana ƙona masa rai. Ya koya masa ina wuni, ina gajiya, ya iyali. Ya ja masa kunne cewa a nan in abu ya sami mutum dole ka yi masa jaje, wanda ya sani ya yi shiru ba ɗan mutunci ba ne. Oleg ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ana haka wata rana Alhaji Babaji ya ja Malam cikin zaure ya rufe ƙofa. An kori ɗansa Siddiq daga jami'a, an kama shi da satar amsa a jarrabawar ƙarshe. A gari an ce ya gama yana jiran bautar ƙasa, ga shi kuma an kai gaisuwar neman aurensa gidan Alhaji Salihu mai hatsi, wanda kullum ake majalisa da shi.

"Sada, daga ni sai kai sai Allah," in ji Alhaji, idonsa ya kaɗa.

"Haba Babaji, mi ka ɗauke ni? Ka binne ta."

Maganar ta kwana ɗaya a binne. Washegari Oleg ya samu jimla goma sha biyu mafi daɗi da ya taɓa samu, ya ci su duka ba kuskure, Malam har ya tafa masa.

Alhaji Salihu ne ya ja bala'in, da yake bai taɓa yarda da labarin ɗalibin ba. Kullum sai ya ce, "Bature shi koyi Turanci wurin Bakatsine? Malam, ka dai ji tsoron Allah." Abin yana cin Malam kamar ƙaiƙayi. Ran wata Laraba ya zo majalisa da babbar riga da tabarau, ya jingina waya da buta, ya ƙure murya ya kira Rasha.

Sai ga sanƙon Oleg ya cika waya. "Salamu alaikum. Ina wuni? Ina gajiya?"

Majalisa ta kaure da dariya, har Salihu ya ce ya sallama. Malam ya kumbura, ya shiga nuna su ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon gado. Da ya zo kan amininsa ya ce wannan shi ne Alhaji Babaji, sai Oleg ya natsu, ya dafa ƙirji yadda aka koya masa.

"Alhaji, sannu da haƙuri. Allah Ya kyauta."

Daga nan ya zarce da Turanci, tsaf, ba tuntuɓe, wallahi ko a jarrabawa ba a fi haka. Yawancin mutanen wurin ba sa jin Turanci, amma sun tsinci sunan Siddiq sau biyu, da na Salihu sau ɗaya. Malam ya wawuro wayar ya ce sabis ne ya ɗauke. Gumi ya riga ya jiƙa masa hula.

Salihu ya juya ga Bitrus, maƙwabcinsu mutumin Filato, ma'aikacin gwamnati, wanda Malam ya daɗe yana raina wa Turanci.

"Bitrus, mi ya ce?"

"Gaisuwa ce kawai, Alhaji."

"Gaisuwa da sunan yaron da zan ba ɗiyata? Don girman Allah ka hwaɗa mani."

Bitrus ya dubi Babaji. Babaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Hwaɗi. Abin da ya kai Rasha ai ba ya ɓoyuwa a Kambarawa." Bitrus ya faɗa, da murya ƙasa ƙasa, bai rage ba bai ƙara ba. Salihu ya sa takalmansa ya tafi ba sallama.

Ba wanda ya zagi Malam, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Babaji ya ce masa kawai, "Shekara hamsin da biyar, Sada," ya shige gida. Aka mayar da kayan gaisuwa cikin satin. Da Malam ya zo majalisa ranar Juma'a ya tarar da buhun gawayi a kan kujerarsa. Aka gaisa da shi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar babur, sannan kowa ya yi shiru sai da ya ga dama ya tafi.

Daga ranar ba wanda ya ƙara jan shi gefe. Ko mai shayi in ya hango shi sai ya koma zancen tsadar sukari. Darasi ya zo, Oleg ya gyara biro ya tambaya me aka ce a gidan Alhaji Salihu. Malam bai sani ba, kuma ba zai ƙara sani ba. Ya kaɗe ƙurar littafi ya karanta: an gina gida, an karanta wasiƙa.

Sati biyu Oleg ya daure. Daga nan ya aiko da saƙo cikin ladabi, Nafisa ta karanta wa mahaifinta. Ya ci jarrabawarsa, ya gode, ba zai ci gaba ba. Yana roƙon alfarma ɗaya, a ba shi lambar Bitrus, mai jin Turancin nan da aka nuna masa a majalisa, don har yanzu bai ji yadda aka ƙare da Siddiq ba.