Goggo Ying Mai Kifi Ta Shiga Fim

Goggona Chiu Suk-ying, yayar babana, tun tana budurwa take sayar da kifi a kasuwar Sham Shui Po. 'Yan kasuwa Yaya Ying suke ce mata. Gajeriya ce, muryarta kuwa ta mutum uku, kullum tana cikin takalmin roba har gwiwa. Ba ta haihu ba, don haka mu 'ya'yan ƙaninta mu muka sha faɗanta. Tun rasuwar mijinta ta daina zuwa ko'ina, daga kasuwa sai ɗaki. Waƙoƙin yaran yanzu kuwa cewa take kukan mage ne.

Wata shekara masu shirya fim suka zo kasuwar, suka roƙi kowa ya ci gaba da harkarsa kamar babu kyamara. Jarumin wani matashin mawaƙi ne da hotonsa ya cika jikin motocin bas, 'yan mata sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna kiran sunansa. Goggo ba ta san shi ba. Abin da aka ce ya yi kawai shi ne ya tsaya a teburinta ya sayi kifi, da fuskar wanda budurwa ta juya wa baya.

Ya zo ya nuna wani ɗan mitsitsin kifi. Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye wuƙa.

"Wannan za ka ci? Kai ɗan nan, uwarka ta san haka ka rame kuwa? Dubi wuya kamar tsinken cin abinci."

Yaron ya rikice, ya manta abin da aka rubuta masa. A hankali ya ce mahaifiyarsa ta koma Kanada, rabonsa da girkinta ya daɗe. Ashe gaskiyarsa ya faɗa, ba wasa ba. Goggo ta ɗauko ƙaton kan kifi ta naɗe masa, ta ce ya dafa da citta da awara, kuma kada ta ji ya zubar da romon. Ya tsaya riƙe da leda, idonsa ya kawo ruwa. Daraktar, wata 'yar matashiya, ba ta ce a tsaya ba sai da ya juya ya tafi.

Da fim ya fito, da ƙyar muka ja ta sinima, tana ta mitar sanyin na'ura. Fuskarta na bayyana ɗakin ya ɓarke da dariya, can kuma sai aka yi tsit, wata a bayanmu tana jan hanci. Goggo ta zungure ni ta ce, "Ba wanda ya iya gaya min in taje kaina?"

Daga nan teburinta ya zama wurin zuwa. Samari da 'yan mata suka riƙa layi don a yi musu faɗa. Na ji wani ƙato yana roƙonta ta ce masa ya rame.

"Kai? Kai da ka cinye rabon ƙannenka? Saya ko ka ba ni wuri."

Da mawaƙin zai yi wasa a babban ɗakin wasa na unguwar Hung Hom, ya aiko mata da gayyata. Ta je da kular miyar da ta dafa masa a hannu. Masu gadi suka ce ba a shiga da abinci, ta ce to ita ma ba za ta shiga ba, sai da wani ya fito daga ciki ya karɓa da hannu biyu. Ta zauna cikin 'yan mata, suka ba ta sandar fitila irin wadda suke ɗaga wa mawaƙin, ta riƙe ta a juye har aka tashi. A hanyar gida ta ce yaron yana da murya, tsalle ne ya yi masa yawa. Bayan kwana kaɗan na iske ta sa rediyo a gefen sikeli, tana bin waƙarsa da kalmomin da ta ƙirƙiro da kanta.

Bara ciwon gwiwa ya sa ta bar wa maƙwabcinta teburin. Mun ji tsoron zama zai karya ta, sai ga daraktar nan ta kira. Yanzu ta fito a wasu finafinan a matsayin kaka. Sun daina ba ta rubutu, don ba ta dubawa. Gaya mata kawai suke yi wane ne ya ɓata wa wane rai, su kunna kyamara.