Ranar da Kaka ta ga hasken da ido ba ya gani

Akwai abubuwa da yawa da suka faru a gidan hayarmu na Williamsville waɗanda suka shige mini duhu, amma wannan kam ko zan tsufa in manta sunan unguwarmu, ba zan manta shi ba. Har yau idan na ɗauki telekomand, wato rimot, zan canja tasha sai na ji dariya tana taso mini.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Kakata, mahaifiyar Baba, ta zo daga Maraɗi don a yi mata aikin ido a wani asibiti a Treichville, saboda yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani da shi. Baba yana sayar da kayan lantarki a kasuwar Black Market, sai ya kawo sabuwar tele, wato talabijin, ya ajiye a ƙuryar falo don ta riƙa sauraron wa'azi kafin ranar aiki ta zo.

Ba a daɗe ba tele ta fara abin mamaki. Kaka tana zaune da carbinta, malami yana tsakiyar bayani, sai kawai tasha ta juya da kanta, kiɗa ya ɓarke, 'yan mata suna karkaɗa jiki. A mayar, ta sake juyawa. Wani lokaci murya ta ƙaru har kwanoni su yi ƙara, alhali telekomand yana ajiye a kan tebur babu wanda ya taɓa shi. Baba ya kai ta shago aka gwada, lafiya lau. Ya dawo da ita, ta ci gaba da halinta.

Kaka ta ce, "Ba tele ba ce, mutanen ɓoye ne. Kuma ba ƙananan marasa kunya ba ne, tunda wa'azi ne ba sa so."

Mu muna dariya a ɓoye, ita kuwa da gaske take. Ta daina cin abinci sosai, ta ɗaure kayanta, ta ce a kai ta tashar mota. Baba ya roƙe ta, ya ce, "Inna, aikin fa saura kaɗan."

"Ba za a taɓa mini ido ina kwana gidan aljanu ba. Gara in koma da makantata."

A nan dariya ta ƙare mana. Baba ya tafi ya kira malamin makarantar allo ta unguwarmu, wani dattijo mai fara'a, ya ce zai zo bayan la'asar ya yi addu'a.

Ranar ina tsakar gida ina wanki. Ƙofar da ke fuskantar tamu ta wata mata ce da muke kira Tanti, Bajula mai sayar da aceke, wato dambun rogo, kuma saboda zafi kowa a buɗe yake barin ƙofarsa. Sai na ji waƙa ɗaya ta tashi daga ɗakuna biyu a lokaci guda, Kaka kuma ta saki salati. Na leƙa ɗakin Tanti. Tana kishingiɗe can ciki, telenta tana bakin ƙofa, hannunta ya miƙe da telekomand saitin falonmu. Ashe ita ma wurin Baba ta saya, iri ɗaya sak.

Wallahi na ji kamar an kunna mini fitila a ka. Malamin fizik ɗinmu ya taɓa gaya mana cewa haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, kuma launukan bakan gizo ɗan yanki ne kawai na abin da ke akwai. A gaba da ja akwai wani haske mai doguwar igiya wanda idon mutum ba ya kamawa, shi telekomand ke harbawa. Ya ce kyamarar waya tana iya ganinsa. Ni a lokacin haddacewa kawai na yi don jarrabawa.

Na ruga da kumfa a hannu ina ihu, "Tanti, danna! Sake dannawa!" Ta danna, telenmu ta juya. Na yi tsalle har na zubar da bokiti.

Daidai nan Baba ya shigo da Malam. Ina haki, ina haɗa Hausa da Faransanci, na yi musu bayani. Kaka ta taɓe baki ta ce, "Ke 'yar nan, hasken da ba a gani ai ba haske ba ne."

Na karɓi wayar Baba, na buɗe kyamara, na sa bakin telekomand a gabanta, na kai fuskar wayar dab da idonta mai ɗan gani. Na danna. Wani ɗigo mai ruwan shuɗi da ja ya fara ƙyaftawa. Na janye wayar, babu komai. Na mayar, ga shi nan.

Kaka ta ce, "Sake." Na sake. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har ɗankwalinta ya zame. "Ashe aljanin nawa mai aceke ce!"

Malam ya ce a ba shi ya gani. Dattijon nan ya aje butarsa, ya riƙe telekomand yana dannawa kamar wanda aka ba sabon abin wasa, yana ta tasbihi. Ya tambaye ni ko akwai wasu irinsa. Na ce akwai, wanda ke kawo muryar rediyo ɗan gidansu ne, haka wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, tsawon igiyarsu ne ya bambanta. Ya ɗaga kai ya dubi sararin tsakar gida kamar zai hango su suna giftawa, ya ce, "Wato muna zaune a cikinsu tsundum ba mu sani ba. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci."

Kafin magariba gidan nan ya zama kamar gidan biki. Kowace ƙofa ta fito da nata telekomand, na tele, na fanka, na rediyo, ana layi ana leƙa waya ana shewa. Tanti ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta kawo wa Kaka aceke da kifi wai na neman gafara. Kaka ta cinye tas, ta ce in kwance mata kayanta.

An yi aikin lafiya. Da muka dawo daga Treichville cikin tasin haya da ake kira woro-woro, tana ta karanta mana launin kowace riga da ta gani a titi kamar ƙaramar yarinya.

Abin da na koya ranar shi ne, tsoro ya fi samun wurin zama inda ba a yi tambaya ba. Kuma ilimin da na ɗauka na takardar jarrabawa ne kawai, sai da na sa shi a hannun tsohuwa mai jin tsoro sannan ya zama nawa.